Jinya ta faɗo maka ga aiki ga gona: yadda zaka tsara kanka mataki-mataki

Wata Talata ce a watan Yuli, an kwana ana ruwa, Baba ya fito zai yi alwalar asuba sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, ya sunkuya zai ɗauka ya kasa, Inna ta leƙo ta ga bakinsa ya karkace yana ta son yin magana amma harshen ya harɗe. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a ƙauyen da ke gaba da namu nan ƙasar Ringim, jarabawar zango na uku saura sati biyu, gero yana jiran maimai, kuma a gidanmu kaf ni kaɗai ne mai albashi. Kwana 19 muka yi a asibiti, jinyar gida kuwa har yau ana kai. Rabin wahalar da muka sha rashin tsari ne ya jawo mana ita, shi yasa nake rubuta wannan dan wanda Allah ya jarabta da irinta ya samu inda zai kama.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu: aikinka yana cikin jinyar. Ɗan albashin nan ko cinikin shagon nan shi ne zai sayi magani a wata na uku da na huɗu, lokacin da 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa kowa ya koma harkarsa. In ka bari ya kuɓuce dan kana son a ganka kullum a bakin gado, toh mara lafiyar ka cuta.

Matakin farko, awannin nan na farko. Ka kai shi asibiti, kar a tsaya kiran mai kemis ko jiran gari ya waye sosai. In ka ga baki ya karkace, hannu ko ƙafa na ɓari ɗaya ya saki, magana ta harɗe, wannan alamun shanyewar ɓarin jiki ne, ka duba agogo ka riƙe lokacin da abin ya fara dan likita zai tambaya. Ku kwantar da shi ta gefe, kuma dan Allah kar a ɗura masa komai ta baki, ba ruwa ba koko ba rubutu ba, saboda sau da yawa haɗiya ta lalace, abin sai ya bi ta huhu ya jawo wani ciwon daban. Tofi da addu'a a yi ta yi a hanya, wannan kam babu mai hanawa. Kar kuma wani ya ɗauko maganin hawan jininsa ya ce a ba shi, ciwon iri biyu ne, ko jijiyar jini ta toshe a ƙwaƙwalwa ko ta fashe, sai likita ya duba, galibi ma sai an yi hoton ƙwaƙwalwa ake rarrabewa, kuma maganinsu ba ɗaya bane. Mu a Jigawa akwai janar asibiti a Ringim, Gumel, Haɗejiya, Kazaure da sauransu, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ku asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko asibitin tarayya na Birnin Kudu ko kuma Kano, asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, in karaya ce mai tsanani Dala. Duk inda aka tura ku ka karɓi takardar turawa a hannunka kafin ku tashi. Ka sani kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi karɓar mara lafiyar gaggawa, amma magani da gwaji kam zaka saya, dan haka ka fita da duk kuɗin da ke gidan, da cajar waya, da tabarma, da bokiti, da duk wani magani da yake sha dama, ko kwalin da ya ƙare ne ka saka a aljihu.

Mataki na biyu, a ranar nan ka kira wurin aikinka, kar ka bari sai an neme ka. Ni nan na fara kuskure, sai da na kwana biyu kafin na tuna, ashe har sufabaiza ya zo ya ga ajina ba kowa. Da na kira hedimasta abin da ya fara cewa shi ne, Malam ai da ka faɗa tun jiya da na san abin da zan ce musu. Kaga laifin nawa ne. Magana ce ta minti biyu: ranka ya daɗe mahaifina ne ba lafiya muna asibiti, ina neman kwana uku zuwa huɗu, ranar kaza zan kira in faɗa maka halin da ake ciki. Ka yanke rana, kar ka ce sai yadda hali ya yi, shugaba yana iya rufa maka asiri in ya san iyakar abin, amma baya iya rufe ramin da bai san zurfinsa ba. Bayan wayar sai ka bi da takarda a rubuce, ko a fallen littafi ne ka rubuta ka sa hannu da kwanan wata ka ɗauki hotonta ka tura ta WhatsApp, ainihin takardar kuma ka ba wani mai zuwa gida ya kai. Ka roƙi likita ko nas mai kula da ɗakin su baka 'yar shaida cewa an kwantar da mahaifinka, ka haɗa da ita. Ranar da za a zo tantance ma'aikata ko a fito da takardar tuhuma, maganar baki bata tsaya maka, takarda ce ke tsayawa.

Mutane da yawa suna zaton doka ta basu hutun jinya. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara da albashinsa in likita ya tabbatar da rashin lafiya, amma wannan na ciwon shi ma'aikacin ne, ba na babansa ko matarsa ba. Abin da zaka iya nema shi ne hutun uzuri na 'yan kwanaki in kana aikin gwamnati, ko a cire maka daga hutun shekara, wanda a dokar mafi ƙaranci kwana 6 ne ga wanda ya cika wata 12 yana aiki. Mu malamai namu hutun shekarar yana cikin hutun ɗalibai, dan haka alfarma muke nema, kuma mai neman alfarma da ladabi yake zuwa. Abu ɗaya da bazan taɓa baka shawara ba shi ne ka sa abokin aiki ya riƙa sa maka hannu a rajista, in ta fashe ku biyu zata ci, ka jawo wa wanda ya tausaya maka masifa. Gara ka miƙa aikin a fili, ni na rubuta tambayoyin jarabawar ajina a barandar asibiti cikin dare na tura, wani malami ya kula da ɗalibai suka rubuta, aka kawo min takardun a leda na yi makin a gefen gadon Baba. In shago gareka ko teburin awo, ka ƙirga kaya da wanda zaka bar wa, ka hana bada bashi har ka dawo. In ɗinki kake ka kira masu kaya tun kafin su zo su tarar da ƙofa a rufe, wanda bikinsa ya matso ka mayar masa da yadinsa ko ka haɗa shi da wani tela.

Mataki na uku shi ne wanda yafi komai, kuma shi muka fi sakaci da shi: zaman 'yan uwa. Kafin a kwana uku ku zauna, wanda yake Legas ko Fatakwal a saka shi a waya. A irin gidajenmu abin da ke faruwa shi ne ranar farko mutum goma sha suna asibiti, an cika baranda ana ta sannu sannu, kowa ya bar aikinsa ya kashe kuɗin mota, sati na zagayowa sai ka waiga ka ga saura kai da tsohuwa. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka, amma hannu goma a rana ɗaya su watse washegari shi ma bai ɗauka ba. Sai a raba. Mutum ɗaya mai kwana, mutum ɗaya mai wuni, kuma a rubuta sunaye da ranaku a takarda kowa ya gani ya amsa da bakinsa. A yawancin asibitocinmu ɗakin maza namiji ne ke kwana, ɗakin mata mace, dan haka in Inna ce ba lafiya dole a yi magana da mazajen ƙannenka mata cikin mutunci a nemi izini da ranaku, kar a ɗora wa matarka ita kaɗai ga goyo ga girki, in ma zata yi a tambaye ta tukuna kuma a samu mai riƙe mata yara.

Yadda muka yi bayan mun dawo hayyacinmu, ƙanina da ya gama sakandire yake zaune shi ya riƙe Litinin zuwa Alhamis, ni kuma ana tashi daga makaranta ranar Juma'a sai in kama hanya in karɓe shi har yammacin Lahadi. Yayarmu da ke aure kusa da garin da asibitin yake ita ta ɗauki abinci da wanki. Kawu ya ɗauki gona. Ɗan uwanmu da yake kudu ba zai iya zuwa ba, aka ce toh kai naka kuɗin magani ne duk sati, aka faɗi adadi ya amince. Kar ka raina aikin kowa, kuma kar kunya ta hana ka faɗa wa yayanka abin da ya hau kansa, Yaya kaza ne naka, da girmamawa amma a fili. Haka nan tun ba a nema ba ku tanadi matasa biyu ko uku masu lafiya da zasu iya bada jini, wanda ya kai shekara 18 kuma nauyinsa ya kai kilo 50, ka ajiye lambobinsu, dan in aka ce a kawo jini tsakar dare ba lokacin fara neman mutum bane.

Mataki na huɗu, ka sayi littafi mai fallaye 40 da biro ka ɗaure shi a jikin gado. Gaba na jinya, baya na kuɗi. Likitoci da safe suke zagaye, lokacin kai kana aji ko kana kasuwa, in ka kira da rana ka ce me likita ya ce sai a ce maka ya ce da sauƙi, shikenan. Ka koya wa mai wunin ya rubuta, ko da ajami ne: wane magani aka ƙara, wanne aka tsayar, wane gwaji aka ce a yi, awon jini nawa ya nuna yau, ya yi fitsari ko bai yi ba. Kai kuma tambayoyinka ka rubuta da daddare ka tura a karanta wa likita da safe. A zaɓi mutum ɗaya mai magana da likitoci, ba kowa ya zo da tasa ba. Da nas-nas kuwa ka yi mu'amala mai kyau, gaisuwa da sannu da aiki, su ne suke tare da mara lafiyarka dare da rana, su zasu nuna maka yadda ake juya shi da yadda ake ba shi abinci ta robar hanci in an saka masa.

Sai kuɗi, mataki na biyar. Ma'aji ɗaya, asusu ɗaya, duk wanda ya kawo gudunmawa ko naira ɗari biyar ce a rubuta sunansa, duk rasit a soke shi a cikin littafin. Zumunci da yawa a kan kuɗin jinya ya lalace, wanda yake nesa yana ganin yana ta turowa ba a faɗa masa inda suka shiga, wanda yake kusa yana ganin shi ke shan wahala ana tuhumarsa. Duk Juma'a ka ɗauki hoton shafin ka tura wa kowa, magana ta ƙare. Ka riƙe tsabar kuɗi kaɗan a jikinka ko da yaushe dan taransifa tana iya maƙalewa kana tsaye a layin famasi.

In kana aikin gwamnati ka tuna ana cire maka kuɗin taimakekeniyar lafiya, JICHMA a Jigawa, KSCHMA a Kano. A tsarin tarayya abin da ya shafa shi ne ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, iyaye basa shiga kai tsaye, dan haka ka je ofishinsu ka tambayi su wa katinka ya ɗauka da yadda ake ƙara mutum. In matarka ce ko ɗanka ba lafiya ka nuna katin tun a wurin yankar kati. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da waccan dokar ta 2014 ta kafa, wanda ake yi wa masu ƙaramin ƙarfi da tsofaffi da masu ciki da ƙananan yara rajista a asibitin mazaɓa, ka tambayi incaj ɗin asibitin garinku. Manyan asibitoci suna da ofishin walwala na marasa ƙarfi, akwai kwamitocin zakka na masarautu, a Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi, ga liman da zai iya sanarwa bayan sallah. Neman taimako a kan jinya ba abin kunya bane. Wurin sayen magani ka tambayi mai famasi ko akwai irin wannan maganin na wani kamfani mai sauƙin kuɗi, sau da yawa akwai, amma kar ka canza da kanka kuma kar ka saya a hannun masu talla a kasuwa. Kar ka sayi na sati biyu a lokaci ɗaya yana kwance, gobe ana iya canzawa.

In ta kai ga sayar da abu, a bi a hankali daga ƙarami. Kaji da awaki tukuna, sai rarar hatsi in akwai amma a bar na ci har kaka, sai kwasar adashe in uwar adashe ta yarda a sauya maka. In dabba babba ce ka daure ka kai ta kasuwa ranar da take ci, Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a, ka ranci na kwana biyu a wurin ɗan uwa kafin nan, dan mai saye a ƙofar gida ya san a matse kake. Shanun huɗa, mashin ɗin da kake zuwa aiki da shi, keken ɗinki, waɗannan su ne hannunka, a bar su sai in babu yadda za a yi. Gona kuwa in dole ta kama gara jingina da shaidu da takarda gaban mai unguwa akan sayarwa. Bashin manhajar waya mai ruwa ka guje shi, ga haramcin riba ga tozarci, in ka makara abokan da ke cikin wayarka suke bi da saƙo.

Mataki na shida gona, a taƙaice. Damina bata jiran mai jinya, sati biyu ka bar ciyawa ta gama da geron. Ka ware kuɗin 'yan ƙodago daga cikin asusun jinyar ba tare da jin nauyi ba, abincin gidan ne na shekara, ko a kira gayya. Mu matasan unguwa ne suka yi mana maimai da safiya ɗaya, Inna ta dama musu fura, wallahi har yau in na tuna sai idona ya kawo ruwa. In gonakin suna da yawa ka zaɓi wadda zaka iya riƙewa ka ba wani aron sauran na bana.

'Yan dubiya kuma alheri ne, amma a sa musu lokaci, a bar mara lafiya ya yi barci. Waya ma a ba mutum ɗaya ya riƙa bada labari, kai in kana aji ka ce ba a kiranka sai in abu ya taso, in an yi tara ka kira da kanka. Kowa zai zo da nasa maganin, wannan saiwa wancan turare wancan ya san wani mai magani a wani gari, ka yi godiya ka karɓa, amma kar a ba shi komai sai an nuna wa likita.

Mataki na bakwai kai kanka. A sati na biyu na kwana a zaune a asibiti, da asuba na hau mashin zan kama makaranta, barci ya ɗauke ni a kan kwalta sai ji na yi ina cikin ciyawar gefen hanya, Allah ya tsare gwiwa kawai na kuje. Da na karye da an samu gado biyu da albashi babu. Daga ranar na daina haɗa kwanan asibiti da aikin safe, in na kwana toh mota zan hau ko in nemi a sauya min darasi zuwa bayan tara. Ka ci abinci, ka samu awa biyar ko shida na barci ko ta halin ƙaƙa, in kai ma kana da hawan jini ko suga kar ka bar maganinka. Sannan akwai wani abu da ke cin zuciya wanda ba a faɗa, kana aji kana jin kamar ka yi wa mahaifinka butulci, kana asibiti kana jin ka ci amanar yaran mutane. Wani malaminmu ne ya tuna min cewa Sayyidina Usman bai halarci Badar ba saboda jinyar matarsa Nana Ruƙayya, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi ladan wanda ya halarta da rabonsa. Ya ce min Malam, in kana bakin gado kana kan hanya, in ka tafi neman abin sayen magani ka bar amintacce a wurin nan ma kana kan hanya. Ka samu mutum ɗaya da zaka riƙa faɗa wa damuwarka, kuma ka kula da tsohuwa, ita bata cewa ta gaji.

Mataki na ƙarshe, ranar sallama. Kar murna ta sa ku fita a guje. Ka tsaya a rubuta maka kowane magani da lokacin shansa, ranar dawowa ganin likita, da alamun da in an gani a dawo da gaggawa. Ka sa masu gashin ƙashi, wato ma'aikatan asibiti masu motsa gaɓoɓi, su nuna wa mutum biyu daga gidan yadda ake motsa hannu da ƙafa, ka ɗauka a bidiyo da wayarka. Wanda baya iya juyawa da kansa ana juya shi duk bayan awa biyu, a riƙa duba ƙugu da duwawu da dugadugai, shimfiɗa a bushe, in ba haka ba gyambon kwanciya ya fito kuma jinyarsa ta fi ta farko wuya. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci, a rage gishiri da dunƙule, maganin hawan jini kuma ba a daina shi dan an ga sauƙi. In da hali a haɗa kuɗi a sayi na'urar awon hawan jini ta gida, ko a riƙa kai shi asibitin garinku ana aunawa ana rubutawa a littafin nan.

Jadawalin da kuka yi a asibiti kar a yaga shi, a sake zama a gyara shi ya dace da gida, wa ke wanka, wa ke juyi da dare, wa ke raka shi asibiti. Kuɗin magani na wata ka cire shi ranar da alat ya shigo kafin ka taɓa komai, ka sayo ka ajiye. A wurin aiki ka rubuta takardar cewa ka dawo, ka bi waɗanda suka riƙe maka aji ko shago ɗaya bayan ɗaya ka yi godiya, ka karɓi nasu darasin in sun samu uzuri. Ranakun komawa asibiti kuma tunda an san su tun da wuri, ka rubuta su duka a takarda ɗaya ka kai wa shugabanka tun farkon zango, ni hedimasta da ya gani sai ya mayar min da darussan ranar zuwa washegari, ƙanina kuma yake raka Baba duk zuwan da ya faɗo a satin jarabawa.